Akwatin Tambayoyi: Gem ɗin Tsoro Da Ran Mutane Ke Hannunka

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na yi subul da baka na ambaci Until Dawn a ƙarshen shafin watan jiya akwatin saƙona bai huta ba, wasu tambaya suke, wasu kuma faɗa suka zo yi min wai ni na jawo musu rashin barci. Toh na ji na ɗauka. Na tsamo waɗanda suka fi maimaituwa, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, shafin ne ba zai ɗauke mu duka ba.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni gaskiya ban da ƙwallo ba na buga komai a PS (na'urar gem ta PlayStation), sai abokina ya dame ni wai sai na gwada wani Until Dawn, da na leƙa yana yi sai na ga kawai fim yake kallo yana riƙe da hannun gem kamar wanda aka ba ajiya. Wai shi wannan gem ne ko fim ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ƙanina ka ban dariya wallahi, amma ba ka yi ƙarya ba, rabi fim ne rabi gem. Bambancin kawai shi ne a fim idan ka ga yarinya za ta sauka ɗakin ƙasa cikin duhu sai dai ka yi ta ihu kana cewa ke kar ki shiga, ita kuma sai ta shiga, a nan kuwa kai za a tambaya, ta shiga ko ta koma, kuma in ta mutu kai ka kashe ta, babu wani darakta da za ka zaga.

Wani kamfani ne a garin Guildford na Ingila, Supermassive Games, ya fitar da Until Dawn a PS4 a shekarar 2015. Labarin samari da 'yan mata takwas ne da suka koma wani gidan hutu a kan dutsen Blackwood a Kanada, cikin ƙanƙara, shekara ɗaya cif bayan wasu tagwaye mata ƙawayensu sun ɓace a wurin, kuma yayan tagwayen ne da kansa ya gayyato su. Aikinka ɗaya ne, ka kai su wayewar gari da ransu. Kana iya fitar da duka takwas ɗin, kana iya ƙarasa gem ɗin babu ko ɗaya da ya rage, kuma duk biyun gem ɗin zai kai ka ƙarshe ne abinsa, ba zai ce maka ka faɗi ka sake ba. Mutanen ciki ma 'yan fim ne na gaske aka ɗauki fuskarsu da motsinsu, shi yayan tagwayen Rami Malek ne, wanda iyayensa 'yan Masar ne, wanda daga baya ya ci lambar yabo ta fim ta Oscar a 2019.

Abin da hannunka zai yi bai da yawa. Za ka yi tafiya da tocila kana duba takardu da hotuna, za a kawo maka zaɓi biyu ka karkata hagu ko dama, wani lokaci da agogo yana ƙirga maka, sai kuma wurin gudu inda madanni zai fito a allo na ɗan ƙiftawar ido ka danna kafin ya ɓace, in ka makara mutuminka ya yi tuntuɓe. Shi ke nan fa. Kai da ka saba da ƙwallo yatsunka ba za su sha wahala ba, zuciyarka ce za ta sha. Don abokin naka da ka ga ya yi tsit ba ajiya aka ba shi ba, lissafi yake wa zai ceta wa zai bari.

TAMBAYA: Malam don Allah a taimaka min. Na kai kusan ƙarshen Until Dawn ban rasa kowa ba, awa kusan takwas ina lallaɓa su kamar ƙwai, sai a wurin da aka ce kar ka motsa hannuna ya yi rawa aka kashe min yarinyar da na fi so. Na kashe PS ɗin da sauri na kunna ko zai dawo da ni baya, ina, tana nan a mace. Babu wata dabara ne? Daga wani matashi a Kano.

AMSA: Allah ya ba ka haƙuri ɗan uwa, ta'aziyya zan fara yi maka don na san wannan zafin. Ga waɗanda ba su sani ba, akwai wuraren da gem ɗin ke cewa kar ka motsa, hannun PS4 yana da abin da ke jin motsi a cikinsa, sai a zana maka siffar fitilar hannun a allo a ce ka tsaida ta cikin layi, abin da ke farautar ku yana tsaye a gabanka yana shinshina, hannun kuma yana ɗan girgiza da gangan don ya rikita ka. Ni ranar da tawa ta same ni wajen ƙarfe ɗaya na dare ne, an ɗauke wuta mun tada janareta, na zauna a kan darduma na jingina da gado na riƙe numfashi, sai ga sauro ya sauka a bayan kunnena yana wannan kukan nasa. Na daure, na daure, ƙarshe kafaɗata ce kawai ta ɗan ɗaga, ko hannu ban kai ba. Shi ke nan aka gama da ita a gabana. Na fi minti biyar ina kallon allo, ƙanina da ke kwance a katifa yana ta dariya har da tari.

Dabarar kashe na'ura ba ta aiki saboda gem ɗin yana yin sebin, wato ajiye inda ka tsaya, da kansa a take, daidai lokacin da abin ya faru, kuma ba a ba ka wurin ajiye sebin daban-daban da za ka koma ba. Da gangan suka yi haka. Abin da za ka iya shi ne ka ƙarasa labarin, bayan ka gama zai buɗe maka babi-babi ka zaɓi inda kake so ka sake daga nan. Wasu kuma suna ajiye hannun gem ɗin a kan tebur ko a ƙasa idan an zo wurin, yakan yi aiki, amma ni dai ina ganin wannan satar amsa ce.

Shawarata kuwa, wadda na san ba ita kake son ji ba, kar ka sake komai a zagayen farko. Bar ta a mace. Ka je ka ga yadda sauran za su yi bayani a ƙarshe lokacin da 'yan sanda ke yi musu tambayoyi, za ka ji maganarsu ta canza saboda babu ita, kuma wannan labarin naka ne kai kaɗai, na abokinka daban. Duk daɗin irin wannan gem ɗin a nan yake, ranar da ka san kana iya komawa baya duk lokacin da ka ga dama toh tsoron ya tafi, ka koma mai cike fom kawai. Su kansu masu gem ɗin daga baya sun ɗan sassauta, a The Quarry na 2022 sun sa wani abu Death Rewind da ke ba ka dama uku ka janye mutuwa, amma ko shi sai ka gama gem ɗin sau ɗaya yake buɗewa, sai fa in bugun mai tsada ka saya. Na gwada shi sau ɗaya na ji kamar na ci bashi.

TAMBAYA: Ni fa ina zargin yaudara ce kawai. An ce The Quarry yana da ƙarshe 186, ta yaya? Ni da abokina mun yi zaɓi daban-daban amma duk wuri ɗaya muka ƙare. Daga wani mai gyaran waya a Jos.

AMSA: Zarginka yana da ƙamshin gaskiya, ba zan kare su ba. Lambar 186 ɗin su suka faɗe ta, amma ba wai fim 186 daban-daban suka ɗauka ba, lissafi ne na wa ya rayu, wa ya mutu, wa ya kamu da abin da ke yawo a dajin da labarin ke faruwa, wace shaida aka tattara, in ka jujjuya waɗannan a kan mutum tara da ake wasa da su ai dole lamba ta yi yawa. Gangar jikin labarin ɗaya ce, rassa ne ke fita su dawo. A Until Dawn ma akwai mutum biyu da duk shirmen da za ka yi ba za su mutu ba sai a babin ƙarshe, na goma, saboda labarin yana buƙatarsu, ba zan faɗi sunansu ba kar in ɓata wa wasu. In ka yi tunani ma dole ne hakan, kowane reshe kuɗi ne, sai an kira ɗan wasa ya sa kayan ɗaukar motsi ya yi magana an ɗauka, babu kamfanin da zai iya ɗaukar reshe dubu da gaske.

Amma kar ka ce duka yaudara ce. Bari in ba ka misali biyu, wanda bai buga ba kuma ba ya son a gaya masa ya tsallake wannan sakin layin. A farkon Until Dawn akwai wurin da Chris, ɗaya daga cikin samarin, ke gwada harbi yana burge ƙawarsa Sam, sai kurege ya fito, in ka harbe shi don iya yi sai hankaka ya kai wa Sam hari ya ji mata ciwo a goshi, ka manta da zancen ma gaba ɗaya, sai can bayan awanni tana ɓuya wani na neman ta, wannan ciwon ne zai tona mata asiri. Na biyun ya fi ciwo. Akwai inda aka ɗaure Chris da wata ƙawar tasu Ashley aka ba shi bindiga ya zaɓi kansa ko ita, in ka nuna ta ka danna, babu wanda ya mutu a lokacin, sai ka ce ai an wuce wurin. Ba a wuce ba. Can gaba zai zo da gudu yana buga ƙofa ana bin sa, ita ce a bayan ƙofar, sai ta tsaya tana kallonsa kawai ba ta buɗe ba. Wannan shi suke kira tasirin malam-buɗe-littafi, wai ɗan kaɗa fiffikensa a nan yana iya zama guguwa a wani gari, har hotonsa ke fitowa a gefen allo duk lokacin da ka yi abin da zai dawo maka. Mu dai da ma mun san abin da ka shuka shi za ka girba, su sai da suka nemo ƙwaro.

Don haka in kai da abokinka kun ƙare a wuri ɗaya, tambaye shi su wa suka iso wurin da rai a nasa, kuma wa ke magana da wa. A nan bambancin yake.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanina ɗan shekara 12 ya nace sai na saya masa The Quarry wai duk 'yan ajinsu suna kallon sa a YouTube. Ni ban san komai a harkar gem ba. Ya dace? Daga wata 'yar uwa a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. A'a, kar ki saya. Ki duba jikin kwalin za ki ga 18 a rubuce in bugun Turai ne, in na Amurka ne za ki ga harafin M, wato daga shekara 17. Until Dawn ma haka. Kuma ba don aljanu ko dodo kawai ba, ana cire kai ana tsinke hannu a nuna ƙuru-ƙuru, ga ashar, ga shaye-shaye, ga zancen samari da 'yan mata irin na can wanda ko ke ba za ki so ki zauna kallonsa tare da shi ba. Ƙari a kan haka a nan yaron ne da hannunsa zai zaɓi a yanke ko kar a yanke, wannan ya fi kallon fim nauyi. Ki saya masa na ƙwallo ko na tseren mota, zai yi fushi na kwana biyu ya huce. YouTube ɗin ma ki ɗan sa ido.

TAMBAYA: Mu biyar ne a ɗakinmu na makaranta kuma hannun gem ɗaya gare mu. Akwai wanda za mu iya yi tare? Daga wasu ɗalibai a Sakkwato.

AMSA: Kai ku ne ma kuka fi kowa dacewa. Ku nemi jerin The Dark Pictures, na kamfanin nan dai, akwai Man of Medan na 2019, Little Hope na 2020, House of Ashes na 2021, da The Devil in Me na 2022. Kowanne mutum biyar ake wasa da su, kuma akwai tsarin da suka kira Movie Night, kowa ya rubuta sunansa ya zaɓi mutuminsa, in an zo kan naka gem ɗin zai rubuto sunanka a allo a miƙo maka hannun. Hannu ɗaya ya isa. Kuma gajeru ne, Man of Medan awa huɗu zuwa biyar kun gama, wato daren Juma'a ɗaya bayan isha'i in wuta ta yi muku mutunci.

Amma in gaya muku gaskiya za a yi rigima. Mun taɓa yi mu huɗu, wani abokinmu ya ga mutumina yana neman taimako ya zaɓi ya gudu ya tsira da nasa, har yau in mun haɗu a wurin ɗaurin aure sai na tuna masa. A nan ne za ka san wanda in an shiga uku zai tsaya da wanda zai ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Yana tuna min da zaman tatsuniya a tsakar gida lokacin muna yara, kowa ya matso kusa da kowa don an ambaci Dodo, sai dai a nan babu mai cewa ƙurunƙus ya sallame ku, sai kun kai ƙarshe da kanku.

Akwai kuma na mutum biyu ta intanet, Shared Story, kowa a na'urarsa, kuma a Man of Medan abin ya yi ma'ana sosai don abin da kake gani a allonka ba lallai shi abokinka ke gani ba, kana iya ganin wata halitta ta taso maka ka kai mata sara alhali shi ne. Sai dai yana son intanet mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, ku kun san halin da ake ciki.

TAMBAYA: Da wanne zan fara, kuma akwai na waya? Sannan Turancina na Ingilishi ba shi da ƙarfi, Faransanci na yi a makaranta. Daga wani ɗan uwa a Maraɗi.

AMSA: Sannu da ƙoƙari mutanen Katsinar Maraɗi. Zancen harshe kar ya dame ka, waɗannan wasannin suna da Faransanci, ka shiga saitin ka canza, in faifai za ka saya dai ka duba bayan kwalin ka tabbatar bugun yana ɗauke da shi. Kuma ka canza ɗin da gaske, don a irin wannan gem in ba ka fahimci abin da aka ce ba zaɓinka ya zama caca.

Na waya kuwa ka yi hattara. Until Dawn da The Quarry da The Dark Pictures na PlayStation ne da kwamfuta, ban da Until Dawn sauran suna Xbox ma, duk wanda ya turo maka wani fayil wai Until Dawn na Android ƙarya yake, ko talla ce za ta cika maka waya ko abin da ya fi haka muni. The Quarry kaɗai wajen gigabait 50 yake nema a kwamfuta, ina wayar da za ta ɗauka. Wanda aka taɓa fitarwa a waya da gaske mai irin wannan zaɓin shi ne The Walking Dead na kamfanin Telltale, na 2012, zanensa kamar na katun amma labarin zai sa ka hawaye.

In kana da PS4 fara da Until Dawn na asali, tsohon faifai ba ya tsada yanzu kuma har yau shi ne gaba a wurina. An sake gina shi a 2024 don PS5 da kwamfuta, ya fi kyan gani, amma ba dole ba ne. Bayan shi ni House of Ashes zan ce, ko da yake na san masu son The Quarry za su yi min ca. Labarin a Iraƙi yake a 2003 lokacin mamayar Amurka, sojojin Amurka sun je neman makaman da ake cewa an ɓoye, aka yi arangama da sojojin Iraƙi, ƙasa ta rufta da su duka suka faɗa wani tsohon haikali na daular Akkad na zamanin sarki Naram-Sin, fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce, kuma ba su kaɗai ne a ciki ba. Abin da ya kama ni shi ne an ba ka wani hafsan Iraƙi, Salim, ka yi wasa da shi a matsayin cikakken mutum, uba ne da ke son ya koma gida wurin ɗansa, ba irin Balaraben da aka saba nunawa a harbe a wuce ba. Yadda za ta kasance tsakaninsa da Jason, sojan Amurkan da ya shigo da ƙiyayyarsa a fili, a hannunka take, kana iya sa su zama 'yan uwa kana iya sa ɗaya ya bar ɗaya a rami. Little Hope kuwa, mai zancen shari'ar mayu ta 1692, ka bar shi sai ƙarshe, yanayinsa da hazonsa sun yi kyau amma yadda aka rufe labarin ya ba mutane da yawa haushi, har da ni.

TAMBAYA: Yaya ni matsoraciya ce ta gaske, ko ƙadangare ya faɗo daga rufi sai na yi ihu, amma ina son labarin. Ya zan yi? Daga wata ɗaliba a Katsina.

AMSA: Ƙanwata ai ku ne kuka fi jin daɗinsa, mu da muka saba mun zama kamar masu duba mota. Ki yi da rana, ki bar labule a buɗe, kar ki sa abin kunne, don rabin tsoron a sauti yake, in kika rage murya za ki ga dodon ya koma abin tausayi. A The Dark Pictures da The Quarry akwai saiti na sauƙaƙa wuraren danna madanni da sauri, ki ƙara wa kanki lokaci babu kunya a ciki. The Quarry ma yana da tsarin da za ki ajiye hannun gem gaba ɗaya ki zaɓi ko kowa ya rayu ko kowa ya mutu ko ki tsara halin kowane ɗaya, ki koma gefe ki yi kallo kamar fim. Ki samu ƙawa ta zauna kusa da ke, in an zo wurin kar ka motsa ki miƙa mata. Kuma ki kunna maganin sauro tun kafin ki fara.